Kalolaine da Awon Sugan Mijinta

Duk wanda ya zauna a tsibirinmu na Ha'apai ya san Kalolaine, ko bai san fuskarta ba ya san tabarmarta. Mu takwas ne muke saƙa a zauren da ke bayan coci, amma in za a yi biki ko jana'izar wani babba, tata ake nema. Ni sunana Luseane. Shingen furanni kaɗai ya raba gidana da nata, kuma shekara ashirin da shida muka yi muna zama kafaɗa da kafaɗa, muna saƙa muna gulmar mazajenmu.

Kalolaine tana da shekara goma sha biyar uwarsu ta rasu, ta bar mata ƙaninta Manase yana ɗan shekara huɗu. Ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta, ita ta nema masa mata da ya girma. Ubansu kuwa ciwon suga ne ya ci shi a gaban idonta, sannu a hankali: yatsa, sannan ƙafa, sannan ɗayar ƙafar. Ita ta riƙa wanke masa dungulmin har ya koma ga Allah. Shi ya sa ko sunan ciwon aka ambata a zaure, sai ka ga hannunta ya tsaya cak a kan saƙa.

Mijinta Sitaleki masunci ne, ƙato, mai dariya kamar ana buga ganga. Shi ke riƙe babbar murya a mawaƙan coci. In aka buɗe tanderun ƙasa ranar Lahadi, shi kaɗai yana iya tashi da ƙunshi uku na haƙarƙarin rago a madarar kwakwa, ya bi da doya, ya kora da lemon kwalba, sannan ya tambaya ko akwai saura.

Nas tana zuwa mana a jirgin ruwa duk bayan wata biyu ko uku, in teku ta yarda. A wani zuwan ne ta gwada Sitaleki ta ce yana da suga. Kalolaine ta dawo gida ba ta ce wa kowa komai ba, ta kira 'yarsu Seini da ke aiki a ƙasar waje, a birnin Auckland. Bayan mako uku aka kawo ƙunshi: 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, da kwalbar 'yan siraran tsinkayen gwaji, da allurar huda yatsa.

Ina wurin ranar da aka fara. Ta wanke masa hannu da sabulu kamar jariri, ta goge, ta sa tsinke a na'urar, ta huda gefen yatsansa. Ƙaton nan da ke janyo kifi mai girman mutum ya yi ƙara har kaji suka watse.

"Haba, Baban Seini! Sauro ma ya fi wannan cizo," in ji Kalolaine.

"To ki kawo mini sauron, na fi son sa."

Muna cikin dariya na'urar ta nuna sha huɗu da ɗigo shida. Nas ta ce da safe kafin a ci komai, bai kamata ya wuce bakwai ba. Kalolaine ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka har rana ta take.

Daga ranar gidan ya canza. Ta kwashe naman gwangwani ta raba wa maƙwabta. Ba burodi da bota, ba fanke, ba sukari a shayi. Kifi gasasshe, ganyen gwaza ba madarar kwakwa, dankali rabi. Kuma ba shi kaɗai ta ɗora wa ba, ita ma abin da take ci ke nan, don ta ce ba za ta ci daɗi yana kallo ba. Ko a wurin biki, in an miƙo mata alade sai ta tura mini.

Mako biyu tana huda shi da kanta, lambar tana yawo tsakanin sha ɗaya da sha uku, ita kuma kullum da hawaye. Sai wata safiya ya karɓi na'urar daga hannunta.

"Ke hannunki rawa yake, shi ya sa yake zafi. Bari in riƙa yi da kaina a waje, inda akwai haske."

A wajen akwai bishiyar mangwaro da benci. Nan Manase yake zuwa kowace safiya ya jira Sitaleki su tafi kamun kifi tare, don jirgi ɗaya suke aiki. Ba ya shiga ɗakin, kamar yadda a al'adarmu kowane namiji mai kunya ba ya shiga ɗakin da 'yar'uwarsa ke kwana. Ita kuma ba ta zama a inda yake zaune, sai dai ta miƙo shayi ta koma. Sitaleki zai fita da na'urar, bayan ɗan lokaci ya leƙo madafa ya nuna mata.

Takwas. Kashegari bakwai da ɗigo ɗaya. Kafin wata ya ƙare, shida, biyar da ɗigo tara, shida da ɗigo biyu.

Ban taɓa ganin mace ta yi farin ciki irin nata ba. Kalandar coci da ke rataye a madafa, kowace rana tana rubuta lambar a gurbin ranar da jan biro. Ranar Asabar takan karanta wa Seini a waya ɗaya bayan ɗaya. A zaure kuwa ta ishe mu.

"Ku dai ku ci gaba da ɗura wa mazajenku kitse. Nawa yau biyar da ɗigo takwas."

"To Likita Kalolaine, mun ji," in ji wata. "A ba mu takardar magani."

Ta kuwa ba su. Mata suka riƙa zuwa gidanta koyon yadda take dafa ganye. Har mai wa'azi ya ambace ta a gaban jama'a, ya ce ga macen da ta riƙe amanar gidanta.

Sitaleki ya rame, ta ce abincin ne yake aiki. Yana shan ruwa kamar rami, ta ce zafin teku ne. Duk ranar da aka ji jirgin nas zai iso, shi kuma ya riga ya fita kamun kifi tun asuba. Sau ɗaya nas ta ritsa shi, ta samu sha shida, ya ce ai daga cin abincin jana'iza yake. Kalolaine ta kawo kalanda ta shimfiɗa mata, ta kunna na'urar ta nuna mata lambobin da ta adana. Nas ta jinjina kai ta ce a ci gaba da haka, amma ya zo asibitin garin Pangai a yi masa babban gwajin jini. Bai je ba.

A nan ne zan faɗi nawa. Wata safiya, wata biyar ko shida da fara wannan, ina shanya kaya a jikin shinge na hango su a benci. Manase ya miƙa hannu yana kallon teku, Sitaleki ya riƙe yatsan ya huda, ya ɗiga jinin a tsinke. Da gani sun saba. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Na kuma san, kamar yadda rabin garin ya sani, cewa kafin su sauka bakin ruwa suna tsayawa a kantin mijina, Sitaleki ya ci fanke biyar da gwangwanin nama a tsaye. Na ce a raina zan gaya mata. Da na shiga zaure na tarar tana dariya, tana cewa Seini ta aiko wa babanta sabuwar riga saboda tsohuwar ta yi masa yawa. Na zauna na ɗauki saƙata. Na ce gobe. Haka na yi ta cewa har shekara ta zagayo.

Dutsen murjani na cikin teku ne ya yanke Sitaleki a tafin ƙafar hagu. Bai ma ji ba, sai da Manase ya ga jini a cikin jirgi. Kalolaine ta wanke, ta ɗaure, ba ta damu sosai ba, tunda sugansa lafiya lau. Kwana goma ciwon bai kame ba. Ya fara wari, yatsu biyu suka yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi. Manase ya goya shi zuwa jirgi, ni ma na bi su don in riƙe mata kaya. Daga Pangai aka ce a wuce da shi babban asibiti a Nuku'alofa, babban birninmu.

A can wata nas mai furfura ta huda shi da na'urar asibiti. Ashirin da huɗu.

"Taku ta lalace," in ji Kalolaine. "Shekaranjiya shida ne. Ga shi a rubuce."

Ta zaro kalandar daga jaka, don har ita ta naɗo. Likita ya duba, ya ce gwajin jinin da suka yi ya nuna sugan nan ya daɗe a sama, ba na kwana biyu ba ne. Ta ce ba ta yarda ba, muryarta har ɗaya ɗakin. Ta ce shekara ɗaya da rabi ba ta sa sukari a bakinta ba, kuma ba wanda zai zo yau ya ce mata ƙarya take.

Nas ɗin ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Uwa, kawo taki mu gani." Ta sa sabon tsinke, ta kama hannun Sitaleki, ta huda. Ya zabura kamar ranar farko. Na'urar Kalolaine ta ƙirga, ta nuna ashirin da uku da ɗigo bakwai.

Nas ta juya hannun nasa tana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ba tabon allura sai wanda ta yi yanzu, sannan ta ajiye shi a kan gado a hankali, ta fita.

Kalolaine ta daɗe tana kallon lambar. Ta kalli mijinta, ya juya fuska bango. Manase yana tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa a hammata.

"Manase, zo."

"Yaya, bari in nemo miki ruwa."

"Na ce ka zo. Buɗe hannunka."

Tun da ya zama saurayi ba ta taɓa riƙe hannunsa ba, amma ranar ta kama. Gefen yatsunsa duk ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe, fatar ta yi kanta.

"Sau ɗaya ya roƙe ni, Yaya," in ji shi. "Ya ce yau kaɗai, don ki daina kuka. Da na ji kina waƙa a madafa, sai na kasa..."

"Kai ne ka riƙe fitila ina wanke ƙafar Baba," ta ce. "Kai."

Sitaleki ya yi magana ba tare da ya juyo ba. "Zaman lafiya nake so a gidan, Maman Seini. Kin mai da ni gawa tun ina raye."

Kalolaine ta saki hannun Manase. Ta fito baranda, na bi ta. Ta tsaya ta dafa ƙarfe, sannan ta dube ni.

"Daga shingenki ana ganin bencin nan."

Na hau gyara jakar da ke hannuna.

"Luseane, ana gani ko ba a gani?"

"Ana gani."

"Tun yaushe?"

Na gaya mata. Na gaya mata har da fanken, don na ga ba sauran abin ɓoyewa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Ashe duk lokacin da nake faɗin lambar nan a zaure, kallona kuke yi." Ta karɓi jakarta daga hannuna ta ce in bi jirgin gobe in koma, ba ta buƙatar mai riƙe kaya.

An yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Wata biyu ta yi a asibitin, tana kwana a tabarma kusa da gadonsa, tana yi masa duk abin da mace ke yi wa miji. Waɗanda suka je dubiya sun ce ba su ji ta ce masa komai ba in ban da "ɗaga", "juya", "haɗiye". Seini ta zo daga Auckland ta ce ta biyo ta su tafi, ta huta. Ta ƙi.

Da suka dawo, ta sa aka sare bencin aka yi itacen girki da shi. Yanzu allurar suga yake yi safe da yamma, kuma ita ke huda shi, a kan teburin madafa, ta riƙe yatsan har jinin ya shiga tsinken a gaban idonta. Lambar tana kaiwa takwas, wani lokaci goma. Ba ta gaya wa kowa. Sitaleki ya koma gyaran raga a zaune, yana rera waƙa a coci daga kujerar baya. Suna magana yanzu, kan ruwan sama da kuɗin kifi da jikoki, amma dariyar da nake jiyowa ta shinge a da, ban sake ji ba.

Zaure kuwa ba ta sake takawa ba. A gida take saƙa ita kaɗai, kuma har yanzu tata ake nema. Na je ba ta haƙuri sau uku. Na ukun ta ba ni wurin zama, ta kawo shayi, ta tambayi lafiyar 'ya'yana kamar yadda ake tambayar baƙuwa.

Bara matar Manase ta haifi 'ya mace. A wurinmu gwaggo ce ke raɗa wa ɗan ɗan'uwanta suna, ba wani ba. Aka aika wa Kalolaine, ta ce ta ji. Mako ya wuce, biyu suka wuce, jaririya ba suna, ana kiranta 'yar baƙuwa. Dattawan coci suka je, ta saurare su har ƙarshe, ta raka su bakin ƙofa. Manase ya zo da kansa ya zauna a ƙasa a tsakar gida tun safe har azahar, kansa a sunkuye, ba ta fito ba.

A mako na huɗu matar ta ɗauki jaririyar ta je ita kaɗai, ta ɗora wa Kalolaine a cinya. Kalolaine ta ajiye saƙa, ta buɗe zanen ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar. Ta ce a kira ta Petiola. Ta shiga ɗaki ta fito da tabarmar da ta fi kowacce laushi a cikin akwatinta, ta naɗe yarinyar a ciki.

Matar ta ce, "Yaya, in ce wa babanta me?"

"Ki ce masa sunanta Petiola."