Ranar da Likita Ya Duba Inji

A falon gidanmu na Largo, can ƙasar Turawa, akwai wani murhun gas, ka danna maɓalli wuta ta tashi. Kakata, Inna Rabi, ta raina shi ƙwarai, wai ina amfanin wutar da ko gyaɗa ba a gasawa a ciki. Amma da sanyi ya shigo, bayan magariba nan za ka same ta ta miƙe ƙafa, ni da ƙanwata Husna muna gefenta. Ta yi mana Hausa mu amsa da Turanci, ta ce Allah ya haɗa ta da Turawa masu cin tuwo.

Ina shekara goma Baba ya fara ciwon ƙirji. Aikin ɗaga kaya yake yi a rumbun wani kamfani, an kuma gargaɗe shi in ya ƙara fashi za a sallame shi. Mama ta yi magiya ya je asibiti har ta gaji. Inna kuwa ba ta da bakin magana, don shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ko ruwa za ta ba shi sai ta ce, "Ku kai wa wancan."

Wata yamma Baba yana kan matakala yana ɗaura takalmin aiki, sai Inna ta ce yau ba tatsuniya, majigi za ta ba mu. Tana budurwa 'yan Sin suka zo haƙa rijiyoyi garinsu, suka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa suka nuna wani tsohon fim nasu na zagin masu jari. Ba wanda ya ji yaren, don haka ita ta sa musu magana a baki.

Wai wani attajiri ne mai masaƙa, tumbi kamar randa. Rannan inji ya cafke hannun ma'aikaci, ya tsaya cak. Attajiri ya fito da ihu, ya aika a ɗauko likita. Likita ya tsallake mutumin yana kwance cikin jini, ya ɗora abin awonsa a jikin inji.

Inna ta kumbura kumatu tana kwaikwayon attajirin. "Sannu, ɗana, sannu. Wane mugu ne ya cusa maka ƙashi a baki?"

Aka lulluɓe inji da bargo, aka kawo masa shayi. Mai hannu aka ja shi waje, kafin a goge jinin an ɗauki wani.

Muka yi ta ƙyalƙyala dariya, Husna na roƙon a sake. Inna ba ta sake ba. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta ce, "Inji yana da mai yi masa kuka. Shi wancan uwarsa kaɗai gare shi, ita kuma ba a nuna ta a majigin ba."

Baba ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe ya ce, "Inna, sai na dawo." Tana kallon wuta ta ce, "A dawo lafiya."

Bayan kwana tara ya faɗi a wurin aiki, bai tashi ba. Kamfanin ya aiko mana da furanni.

Da na girma na karanta cewa irin finafinan nan farfaganda ce tsagwaronta, kuma gaskiya ne, bai dai taɓa damuna ba. Haushin Inna ne ya daɗe yana cina. Baba bai taɓa tsallake maganarta ba, me ya hana ta buɗe baki ta ce kada ka je? Sai da na haihu na gane ta faɗa, iya abin da kunya ta bar mata. Shi ma ya ji sarai. Ya dube mu, ni da Husna, muna dariya, ya san da aikin nan ake ciyar da mu, ya buɗe ƙofa ya fita.