Kifin Ilu

Yau za a cire mini haƙori a asibiti, ma'aikaciyar ta ce, "Baba, ka yi ciwon ciki kwanan nan?" Sai dariya ta ƙwace mini, na tuna abokina Ilu.

Zamanin mulkin soja ne. Gudawa ta kusa kai Ilu kushewa, bai gama murmurewa ba ya tafi Haɗeja cire haƙori. Bai gaya wa ma'aikatan asibitin ya yi jinya ba, suka haɗo shi da kafso kamar kowa. Kafson nan ya tayar da gudawar, kuma ba ta tashi ba sai a tsakiyar kogi, ina tuƙa shi da surukinsa a kwalekwale zuwa Auyo.

Wa zai buɗe baki gaban suruki ya ce cikinsa ya murɗa? Ilu ya haɗa gumi, can sai ya yi tsalle ya faɗa ruwa.

"Ilu, lafiya?" in ji surukin.

"Kifi na gani, Baba!"

Tsohon ya leƙa, ya ja rawani ya toshe hanci. "Matuƙi, ja mu gaba. Kifin nan ba na miya ba ne."

Ilu ya sake kwanciya jinya har aka gama yankan shinkafa.

Ku masu ɓoye wa likita ciwon jiya, kun dai iya ruwa ko?