Kawu Ilu da Tabarau na Kyamara

Duk wanda ya zauna a Kura a zamanin da noman rani ya kankama ya san Kawu Ilu Mai Hoto, ƙanin mahaifiyata, ba ya amsa gaisuwar safe sai ya duba sama. Sai ya zaro wani ɗan kewayayyen gilashi rawaya daga cikin tsohuwar safa, ya kanga a ido, ya ɗaga kai, sannan ya ce, "Gajimaren yau ya yi kyau. Lafiya lau, ya gida?" Gilasan nan da ake ɗaura wa bakin kyamara, waɗanda masu shago ke ce wa filta, shi tabarau yake kiran su. Ya ce kyamara ma ido gare ta, kuma rana na damun ta.

Kawu bai yarda da hoto mai kala ba. Har ya bar duniya baƙi da fari yake ɗauka. Wani ango ya taɓa roƙon sa, wai babbar rigarsa shuɗiya ce, yana so ta fito. Kawu ya ce, "In an tambaye ka, ka ce shuɗiya ce. Ba ka da baki?"

Ni ina koyarwa a firamare lokacin da na sayi kyamara, kuma surukina Alhaji Ado bai ɓoye ba, ya ce mai iyali ba ya zuba albashi a kayan wasa. Maganar ta tsaya mini a rai. Na shiga Kano na sayo filta har shida, na baje su gaban Kawu ina jiran yabo.

Ya dube su, ya dube ni. "Nasiru, kai da ko tsayar da hannu ba ka iya ba? Mai koyo biyu ne nasa. Fari, ya tare wa idon kyamara ƙasa da yatsun mutane. Rawaya, ya fito maka da gajimare. Sauran kawo."

"Kawu, da kuɗina fa na saya!"

"Shi ya sa zan adana maka. Duk shekara ka zo ka karɓi ɗaya."

Ya kwashe ya cusa a safa. Garin kwasar na faki idonsa na zare wani ja da ke cikinsu na jefa a aljihu.

Ana tsakiyar ɗiban tumatir Alhaji Ado ya aiko kira na. Ya tara kwanduna a bakin kanal ɗin ban ruwa kafin mota ta zo, yana son hoton da zai aika wa wani dillali a Legas daga baya ya ga irin kayan gonarsa. Na ce yau zan wanke kaina. Na yi lissafi irin na malamin makaranta: tumatir ja ne, to jan gilashi zai ƙara masa kwarjini. Na ɗaura, na ƙyasta har uku. Aka loda kaya, mota ta tafi.

Washegari Kawu ya wanke fim, ya fito da hoto yana riƙe da ciki don dariya. "Surukinka ƙwai ya koma sayarwa?"

Innalillahi! Tumatir ɗin nan farare tas, kwando bayan kwando, ga Alhaji a tsakiya ya ci magani. Ashe a hoton baƙi da fari, jan gilashi farar da duk abu ja yake yi. Ba halin sakewa, kayan sun yi kudu. Ban gama salati ba sai ga sallamar Alhaji a ƙofar shagon Kawu. Wallahi na ji kunya da tsoro irin waɗanda ban taɓa ji ba.

Ya karɓi hoton, ya juya shi. Can ya ce, "Malam Ilu, wannan ne aikin yaron naka?"

Kawu bai ko ƙyafta ido ba. "Wa ya ce ka duba? Ba a gama ba. Ka dawo bayan la'asar."

Da fitarsa Kawu ya aika aka sayo jar tawada, ya fere tsinken tsintsiya, ya zauna a kan tabarma. Mutumin da ya hana ango shuɗiyar riga, shi ne ya bi tumatir ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu ja, yana zagi na ƙasa-ƙasa. Sai da wuyansa ya ƙage. Da Alhaji ya dawo, ya ƙura wa hoton ido ya ce wannan ba zai je Legas ba, a zaurensa zai rataye shi. Ya juyo ya ce mini, "Ashe dai ka iya."

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, Kawu ya taka mini ƙafa.

Shekara goma sha ɗaya Alhaji na nuna wa baƙi hoton nan yana cewa aikin surukinsa ne, Kawu na zaune yana ji, bai taɓa tankawa ba. Ya rufa mini asiri a ranar da ba ni da kowa, kuma har ya rasu bai bari na gode masa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya rufa masa asiri gobe kiyama, ya haskaka makwancinsa. Amin.