Ladanin da Muryarsa Ke Gudu da Yamma

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sabi'u makwancinsa, kuma har yau a unguwarmu ta Akébé, nan Libreville, akwai masu kiransa mashayi. Ba sa faɗa a gabana, don sun san bakina. Amma maganar tana nan da ranta, tana bin shaguna da tsakar gidaje, har a bana ta kutsa cikin zancen auren 'yarsa Nafisa. Don haka waiwayen da nake rubutawa a bana ba zai yi wa wasu daɗin karatu ba, kuma ban zo neman afuwar kowa ba.

Ga wanda bai san shi ba, Sabi'u yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara zuwa Libreville daga gida, ya kafa keken ɗinkinsa a wata rumfa, daga baya ya yi mana hanya ni da maigidana. Tela ne na rufin asiri, amma da murya aka san shi. Shi ne ladanin ƙaramin masallacinmu na unguwa, kuma in ya ɗaga murya da asuba har ƙasan kwari ana ji. Wata 'yar ƙasa mai suyar fanke, wadda ko Musulma ba ce ba, ta taɓa ce mini da kiransa take ɗora mai a wuta.

Ciwon ya faro ne daga fatar idonsa ta hagu. Da la'asar sai ta sauko ta rufe rabin idon, mu kuwa muna tsokanarsa cewa yana kashe wa keke ido. Daga nan abin ya gangaro maƙogwaro. Kiran asuba garau, na azahar ba laifi, na la'asar ya soma sirancewa, in magariba ta yi kuwa sai muryar ta koma fita ta hanci, harshe ya yi nauyi, kalmomi su riƙa hawa kan juna. Tauna nama ta zame masa aiki. Hawan tudun da ke tsakanin rumfarsa da masallaci, wanda yake yi da gudu a da, ya koma sai ya huta a hanya.

Wurin hutun nan shi ya jawo masa. A tsakiyar tudun akwai shagon Bulus, Kirista ne mutumin Najeriya mai gyaran firji, Hausa a bakinsa ta fi tawa, kuma abokin Yaya ne tun zuwansu. Bulus na da benci a ƙofar shago, nan Yaya kan zauna ƙafafunsa su dawo. Jikin shagon kuwa mashaya ce, kamar yadda kusan kowane lungu na garin nan yake da tasa. Sai mutane suka riƙa ganin ladani yana tasowa daga wannan wajen da yamma, ido a lumshe, wuya a langaɓe, yana tafiya kamar za a ture shi, sannan ya kama lasifika harshe na karyewa. Ba a ɗauki lokaci ba aka gama lissafi.

Shugaban kwamitin masallacin a lokacin shi ne Alhaji Mamman, babban ɗan kasuwa, mutumin da in ya yi tari ake cewa ya yi magana. Da ƙorafi ya yi yawa, sai ya ce za su je dubiya su gane wa idonsu. To ku san yadda 'yan kasuwarmu ke dubiya a nan: da sassafe, a tsaitsaye, kafin a buɗe shago. Suka zo suka tarar da Yaya ya sha barci ya huta, ido biyu tarwai, yana tsoma burodi a shayi yana ba su labari. Suka koma suka yanke cewa mara lafiya safe da yamma mara lafiya ne, abin da kuwa ba ya kama mutum sai rana ta yi sanyi, a kwalba yake. Cikinsu babu wanda ya sunsuna bakinsa. Babu wanda ya ce bari a dawo da yamma a zauna da shi a gani. Ranar Juma'a bayan sallama Alhaji ya miƙe a gaban jama'a ya ce an sauke Sabi'u har sai ya gyara tsakaninsa da Ubangijinsa, abin da yake sha da yamma kuma shi ya sani.

Ina daga bayan labule a sahun mata na ji wannan da kunnena. Matan da muke cin abinci kwano ɗaya da su suka sunkuyar da kai, wata har da matsawa gefe kamar warin zai taso daga jikina. Na tsani wannan ranar, kuma na tsani shirun da kowa ya yi.

Bulus ne ya gaji da kallo ya sa shi a taksi muka tafi asibiti. Bayan an yi ta tura mu daga wannan ɗaki zuwa wancan, muka faɗa hannun wata likitar jijiyoyi. Ta sa Yaya ya yi ta karatu da ƙarfi ba tsayawa, muna zaune muna ji muryar na narkewa. Ta ɗora masa ƙanƙara a kan fatar idon na ɗan lokaci, da ta ɗauke sai idon ya buɗe. Bulus ya kama baki ya ce shekara da shekaru yana cikin ƙanƙara bai san tana wannan aikin ba. Bayan gwajin jini ta kira sunan ciwon da Faransanci, miyasteni, ta kuma yi mana bayanin da har na mutu ba zan manta ba.

Ashe jijiya ba ta taɓa tsokar da take motsawa. Akwai ɗan gibi a tsakaninsu wanda ido ba ya gani. In saƙo ya taho daga ƙwaƙwalwa, bakin jijiyar sai ya saki wani sinadari mai suna asetilkolin, ya haye gibin, ya sauka a kan wasu ƙananan makarɓai da ke jikin tsokar. Sai makarɓan nan sun karɓa tsoka ke motsi. A jikin Yaya, garkuwar jikinsa ce ta rikice ta juya tana toshe makarɓan tana lalata su, kamar kare ya koma cizon mutanen gida. Da safe, bayan hutu, jijiya na da sinadari isasshe, 'yan makarɓan da suka rage suna samu su yi aiki. Amma in aka yi ta amfani da tsoka, abin da ake sakewa yana raguwa, saƙon ya kasa isa. Mutumin da ke kiran salla sau biyar, ga ɗinki, ga hawan tudu, dole magariba ta same shi a ƙare. Likitar ta ce haka dukan ƙwaƙwalwa ke magana da kanta, sinadari da makarɓi, wani na barci, wani na motsi, wani na walwala, kuma in ɗaya ya samu matsala mutum kan canza a idon jama'a alhali halinsa na nan yadda yake.

Ta ba shi ƙwayar da ke hana sinadarin saurin lalacewa a cikin gibin, don ya daɗe yana ƙwanƙwasa makarɓan da suka saura. Cikin ikon Allah ido ya buɗe, wuya ya miƙe, murya ta soma kai wa yamma. Na ɗauka magana ta ƙare. Na tafi wurin Alhaji Mamman da zumuɗina na zayyana masa komai, ya saurare ni yana jan carbi, ya ce likitocin nan in ka biya su babu sunan da ba za su laƙa wa abu ba. A unguwa kuwa sai murna ta ɓarke, wai Sabi'u ya tuba ya daina. Aka riƙa zuwa yi masa barka. Sauƙin da ya samu shi ya zama hujjarsu ta ƙarshe, tunda a ganinsu ga shi an ja masa kunne ya bar kwalba ya warke. Kwamiti ya aiko cewa ya dawo ya karɓi lasifika, da sharaɗin kada a sake ganinsa a bencin Bulus.

Yaya ba mai yawan magana ba ne. Ya dubi 'yan aiken ya ce, "In na karɓa, na amsa laifin ke nan. Ku gaya wa Alhaji na gode."

Daga ranar a sahun baya yake salla, kuma bai fasa zama wurin abokinsa ba. Ya yi shekara biyu a haka. A wata damina zazzaɓi ya kama shi, wani maƙwabci mai kyakkyawar niyya ya ɗura masa kinin, tunda a wurinmu duk ciwon da ba giya ba ce kuma ba sammu ba, palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro. Ba mu san kinin na ƙara danne saƙon nan tsakanin jijiya da tsoka ba sai daga baya. Tsokar numfashi ta gaza, kafin a yi wani abu a asibiti rai ya yi halinsa. Waɗanda suka sauke shi su ne a sahun gaba wajen jana'iza, kuma na ji an yi ta yabon kyakkyawan ƙarshen da ya yi bayan tuba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Yanzu kowane yaro da waya a hannu yana ambaton sinadarin dofamin kamar sunan ƙanen babansa. Nafisa da ya bari tana 'yar makaranta ta karanta ilimin magunguna da Faransanci, tana aiki a wani kantin magani a unguwar Nzeng-Ayong, kuma matan da suka matsa gefe a masallaci su ne ke bin layi tana fassara musu abin da likita ya rubuta. Ina jin da dariya zai yi, don shi haka Allah ya yi shi. Ni dai ba a yi ni da wannan haƙurin ba. Ilimin ya shigo unguwa, an karɓe shi hannu biyu a kan hawan jini da ciwon suga, amma ba wanda ya yarda ya juya da shi baya ya dubi abin da aka yi wa mutum ɗaya.

A bana wani yaron kirki daga unguwar Okala ya fito neman Nafisa, ita ma tana so. Iyayensa suka yi abin da kowa ke yi, suka zo Akébé bincike, suka tambayi dattawa asalin yarinya. Aka yabi yarinya, sannan aka rage murya aka ce sai dai uban ya taɓa sha, amma ya tuba kafin ya rasu. Mahaifin yaron mutum ne mai adalci daidai gwargwado. Na yi masa bayanin jijiya da makarɓai, ya ce bai ƙaryata ni ba, amma ni ƙanwa ce, dole in kare nawa, shi ma kuma yana da dangin da zai fuskanta. Ya ce wanda ya faɗi maganar a gaban jama'a yana raye, in ya ji daga bakinsa cewa kuskure ne, an gama.

Alhaji Mamman yana raye, amma ciwon karkarwa ya kama shi. Hannu na rawa, fuska ta daskare, tafiya sai da jan ƙafa. Nafisa ta ce mini shi kuma ƙwayoyin da ke samar da dofamin ne ke mutuwa a can cikin ƙwaƙwalwa, kuma ciwon na cinye murya a hankali. Ban ji ko mutum ɗaya ya ce Alhaji na sha ba. Jarrabawa ce, in ji su, ana ta sauke masa Alƙur'ani. Ba na yi masa dariya, amma ba zan ce tausayi ya hana ni barci ba.

Na je gidansa da la'asar sakaliya. Matarsa Hajiya Ladi ta shigar da ni tana ta haba-haba, ta zauna a bakin gado. Na gaishe shi yadda ake gaida babba, sannan na faɗi abin da ya kawo ni ba tare da kwana-kwana ba. Ya fara da cewa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na ce wannan addu'ar ta kowa ce, ni magana ɗaya na zo nema. Ya daɗe yana kallon hannunsa da ke kaɗawa a kan cinya, sannan ya motsa baki, sai da na matso da kunne.

"Na zalunce shi, Asabe. Ban taɓa ganinsa da kwalba ba."

Na juya na ce, "Hajiya, kin ji ko?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Ni ban ji komai ba. Alhaji ba shi da lafiya, ba a kama maganar mara lafiya."

Washegari na roƙi mahaifin yaron ya je da kansa. Ya je, aka tare shi a ƙofa aka ce likita ya hana Alhaji ganin baƙi. Ya sake komawa, aka maimaita masa. Nafisa ta daina tambayata yadda ake ciki, ta koma tashi da wuri ta tafi aiki ta dawo ta shige ɗaki, kuma wannan ya fi kuka ci mini rai.

In na auna abin da ya rage na Yaya Sabi'u, ba shi da yawa. Akwai 'ya mai kamun kai da ba ta taɓa jin kunyar sunan ubanta ba. Akwai Bulus, wanda har yau in an ambace shi sai ya cire hula. Akwai wannan ƙin da ya yi na sayen matsayinsa da amsa laifin da bai aikata ba, wanda a lokacin na ɗauka taurin kai ne, yanzu kuwa shi nake taƙama da shi. Wankinsa a idon jama'a kuma yana maƙale a maƙogwaron tsoho guda, a bayan ƙofar da aka kulle, muryar na ƙara sirancewa kowane wata. Ku da kuke cikin masallacin ran nan kun san kanku, kun kuma san hanyar Okala.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa. Sauran kuwa, har yanzu bakina bai iya yi musu addu'a ba.