Tarihin Sista Ulonma, Mai Koyar da Farfaɗo da Jarirai

Haihuwa da Karatu

A shekarar 1957 aka haifi Ulonma a garin Jos, 'ya ta biyu ga Akunna, makanikin manyan motocin kuza, da matarsa Osinachi, mai sayar da atamfa. Tana aji uku a firamare rikicin 1966 ya tilasta wa iyalin komawa Gabashin ƙasar, ba su dawo ba sai 1971. Ta kammala makarantar jinya da ungozomanci a 1980.

Aiki da Aure

An fara tura ta wani ƙaramin asibiti kusa da Kuru. A can ne, cikin daminar 1983, ta karɓi haihuwar wani yaro da bai yi kuka ba, ta lulluɓe shi da zani kamar yadda aka saba yi wa wanda ya zo babu rai, ta koma kan uwar da ke zubar da jini. Uwar ta rayu. Bayan mako guda wata tsohuwar likita ta duba rahoton, ta shaida mata cewa da an hura wa yaron iska a mintin farko, mai yiwuwa da ya tashi. Ulonma ba ta taɓa ɓoye wannan al'amari ba. Da shi take buɗe kowane darasi har ƙarshen rayuwarta.

A 1985 ta auri Uche, ma'aikacin gidan madara a Vom, mutum mai haƙuri wanda ya shafe shekaru yana kai ta ƙauyuka a kan babur.

Koyarwa

Daga 1991 ta duƙufa ga horar da ma'aikatan jinya da ungozomomin gargajiya. Da yake 'yar tsanar gwaji ɗaya ce tak a hannunta, sai ta nufi unguwar Rikkos wajen wata tela, Hajiya Binta, suka ɗinka guda goma sha biyu da ƙyallen atamfa, suka sa musu robar tayar keke a ƙirji domin ya riƙa tashi idan an matsa jakar da ake hura wa jariri iska da ita. Amincin matan biyu ya ɗore shekara talatin, ko a lokutan da rikici ya raba garin Jos gida biyu.

Hausarta ta kasuwa ce, ba ta bambanta mace da namiji. Takan dafa kafaɗar tsohuwar ungozoma ta ce, "Mama, kar ka rufe shi. Goge shi, gyara kansa, hura masa. Ni na rufe nawa." Ɗalibanta sukan kwaikwayi maganar suna dariya, amma da ita suke aiki a ɗakin haihuwa.

Ta yi ritaya a 2015, ta ci gaba da koyarwa a barandar gidanta duk ranar Asabar. Da ciwon gaɓoɓi ya hana yatsunta matsa jakar, sai ta riƙa ɗora hannunta a kan na ɗaliba.

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Maris, 2023, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da shida. An binne ta a Jos bisa wasiyyarta, duk da roƙon dangi na a kai ta Gabas. Hajiya Binta ce ta ɗinka farar rigar da aka sa mata.

Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Sylvester, injiniya a Kaduna, Amara, malamar makaranta a Bukuru, da Hosana, wadda Ulonma ta farfaɗo da ita a 1998, mahaifiyar jaririyar ta rasu a wajen haihuwar, Ulonma ta goyo ta zuwa gida bayan kwana uku.