Gurbin da Na Bari Fari

Ban taɓa mantawa da ranar da takardun nan biyu suka iso teburina ba. Shekara uku ke nan kafin samun 'yancin kai, ina hedimasta a wata makarantar elementare kusa da Ƙofar Atiku a Sakkwato. Ku malaman yanzu kun san mutumin da zan ba ku labarinsa da Farfesa, shugaban jami'a. Ni kuwa ɗana ne na fari, don haka har yau sunansa ba ya fita daga bakina.

A lokacin yana koyarwa a ƙarƙashina, shi da wani Malam Hali. Sai aka ba lardinmu gurbin ƙaro ilimi a Ingila, mutum ɗaya tak. Dukansu biyu suka nema. Ƙa'idar ita ce, kowace takarda tana da fili a ƙasa inda hedimasta zai rubuta ra'ayinsa a asirce, sannan a kai wa Baturen makaranta, wato jami'in ilimi na lardi, shi ya yanke hukunci.

Na Malam Hali ban ɓata lokaci ba. Mutumin kirki ne, na cika filin taf da yabo. Da na zo kan ɗaya takardar sai alƙalami ya yi mini nauyi. Allah ya sani yaron nan ya fi Hali nesa ba kusa ba. Ajin da ya gagari kowa shi ake ba, cikin wata biyu ka ji su suna karatu. Amma ni, in zauna in yabi ɗan fari da hannuna? Ina kunya take? Na sa hannu kawai, na bar filin fari fat. A wautata, na ɗauka duk mai hankali zai gane.

Bayan kwana biyu Bature ya kira ni, ya ce, "Malam, ba ka da abin cewa a kan wannan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka shi daɗe, ba ni ya kamata in hwaɗi ba."

Ya gyaɗa kai ya rufe fayil. A tsarinsu, shugaban da ya yi shiru a kan ma'aikacinsa, wani aibu yake rufewa. Aka ba Hali. Yaron nawa kuwa ya ci gaba da shiga aji. Sai da ya shekara huɗu kafin wata dama ta zo, a ƙarƙashin wani hedimasta.

Sauran kun sani. Ya dawo ya koyar, ya hau mataki bayan mataki har aka damƙa masa jami'a. Shi ya buɗe sashen horar da malamai, shi ya riƙa bin ƙauyuka yana zaƙulo 'ya'yan manoma. Ya kuma kafa doka cewa babu takardar ma'aikaci da za ta bar ofis da filin ra'ayi babu rubutu. In kana da dangantaka da mai ita, ka faɗa, a ba wani. Na ji ana yabon dokar, ban san ni ne mafarinta ba.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, ya zo gaishe ni a zaure. Ya ciro tsohuwar takardar daga aljihu, ta yi ja don tsufa. Ashe tana cikin fayil ɗinsa na aiki, tana bin sa duk inda ya je.

Ya ce, "Baba, wanga wuri na ga an bari. Shekara ashirin da wani abu ina aiki, ina tambayar kaina mi kag gani gare ni da ya hana ka rubutawa."

Ashe duk tsawon shekarun nan yana zaton na raina shi ne. Na buɗe baki in ce masa ban taɓa ganin malami kamarsa ba, sai na ji kaina ina cewa, "Ka ci abinci kuwa?" Ya yi murmushi, ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. Wannan rana tana ci mini rai har yanzu.

Saboda haka ku da ke riƙe da alƙalami a kan na ƙasa da ku, kunya adon gida ce, amma fayil bai san ta ba. Abin da ka gani na alheri ga ma'aikaci haƙƙinsa ne, ka rubuta shi tun da sauran fili. Nawa filin yana nan fari, mai takardar kuwa ya riga ni tafiya gidan gaskiya.