Lemar Shadda da Baba Ya Ɗinka wa Rokata

Ranar Laraba ta farko bayan hutun hunturu, shekarar da na cika sha huɗu, Musye Bernar ya shimfiɗa takardu uku a kan teburin kulob ɗinmu na kimiyya, a ƙasan wani dogon bene na unguwar Minguettes da ke gefen Lyon, ya ce, "Rabi, rokar taki ce, ke za ki zaɓi injin." Shekara biyu ina zuwa ɗakin nan muna harba 'yan rokokin kwali waɗanda da ƙyar suke wuce tsayin benenmu, sai ga shi yau ana maganar wadda za ta wuce saurin sauti, wato ta zarce kilomita dubu ɗaya da ɗari biyu a sa'a. Musye Bernar, mai kula da kulob ɗin, tsohon ma'aikacin masana'anta ne da ya yi ritaya, yatsunsa kullum da busasshen gam, kuma ya sha wahala kafin ya samo mana izinin harbi sau ɗaya tak, a wani fili can nesa da gari. Inji ɗaya za a kawo mana. Ba a barin yara su riƙe shi ma, wani mai lasisi ne zai zo da shi ranar, shi ya sa a takarda ake zaɓe.

Ni dai da na duba, hannuna bai tsaya ko'ina ba sai kan mafi girma. Haka nake tun ina ƙarama, ko a faranti babbar tsoka nake fara kai wa hannu. Musye Bernar ya yi dariya har da tari, sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Kowane inji da harafinsa, kuma kowane harafi yana ninka ƙarfin na bayansa sau biyu, amma ƙarfi kaɗai ba ya kai roka inda muke so. Babban da na nuna yana da kauri, dole a faɗaɗa masa bututun jikin rokar, kuma bututu mai faɗi iska ce ke tare shi. Na biyu siriri ne, yana ci a hankali na daƙiƙu da yawa, zai kai roka sama sosai amma ba zai ba ta gudun da muke nema ba. Na uku shi ma siriri ne, sai dai duk abin da ke cikinsa yake ƙonewa kafin ka gama ƙifta ido sau biyu, bugu ɗaya mai tsanani. Muka shigar da lissafin a tsohuwar kwamfutar kulob, layin gudun rokar da ke kan allo ya haura ya ɗan leƙa saman saurin sauti kaɗan, kamar yaro mai ɗage a bakin taga. Na zaɓi na uku. "To, kin ɗaure kanki," in ji shi. "Daga yau kowane giram maƙiyinki ne."

Na kuwa ɗauki maganar da zafi. Na hana a yi wa rokar fenti. Na goge fukafukanta da takarda mai yashi har yatsuna suka yi sulɓi, na auna gam da tsinken ashana. Lemar da za ta sauko da ita a hankali kuma muka yanke ta daga wani yadin nailan mai shara-shara, ruwan lemo, wanda in ka dunƙule shi bai cika tafin hannu ba. A gida kuwa aiki bai san da roka ba. Muna hawa na goma sha ɗaya, kuma duk ranar da na'urar hawa ta lalace ni ce mai jido buhun shinkafa da jarkar mai daga kasuwa, ƙannena suna biye da ni suna tsallen matakala bibbiyu. In na huta, sai falo, inda Baba ya kafa kekensa na ɗinki a jikin taga. Tela ne ɗan Damagaram, duk wani biki ko suna na mutanenmu a Lyon da ɗinkinsa ake zuwa. Ni ke zura masa zare a allura, in tsince zaren da ya zuba a kafet, in yi gugar rigunan da aka gama. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata".

Wata Lahadi da la'asar ya tarar da ni ina koyon naɗe lemar a kan gado. Ya ɗaga ta da yatsu biyu, ya juya ta, ya ce, "Uwata, da wannan ledar za ki fita gaban jama'a? 'Yar tela?" Kwana uku bayan haka ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin takarda. Lema ce ya ɗinka da ragowar shadda shuɗiya mai ƙyalli, irin wadda ake aiko masa daga Paris, ya kewaye bakinta da surfani fari, kowace igiya ya kafe ta da ɗinki biyu. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba, kuma tun kafin in ɗora ta a sikelin kicin na san ta yi nauyi. Ta ninka ta nailan fiye da sau huɗu, ga ta da tauri saboda sitaci. A gidanmu ba a mayar wa uba da kyauta, ba a kuma gaya masa cewa aikin hannunsa bai yi ba. Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma," na sa ta a jaka ina fatan ranar harbi aiki zai riƙe shi.

Aiki bai riƙe shi ba. Ranar Asabar ɗin da za a yi harbin ya sa babbar rigarsa, ya taho da abokansa biyu na masallaci, Alhaji Sani da Malam Idi, kuma tun a mota nake jin yana ce musu, "Ku dai ku kalli sama, za ku ga shuɗiya ta buɗe." A filin aka auna rokar da lemar nailan a ciki, aka duba fukafukai, aka sa hannu a takarda. Da mutane suka tafi cin abincin rana, na zagaya bayan motar kulob, na zare ta nailan, na dinga cusa shaddar da babban yatsa har ta shige da ƙyar. Na san abin da nake yi, na kuma gaya wa kaina cewa injin yana da ƙarfi, zai ɗauke mu duka.

Aka ja kowa baya, aka ƙirga daga biyar. Ban ga tashinta ba, ƙara kawai na ji, na ga farin hayaƙi miƙe a sama. Muka ɗaga kai muna jiran lema. Shiru. Na ga Musye Bernar ya sauke hannunsa daga goshi, fuskarsa ta canza, ya daka tsawa cewa kowa ya kalli sama kada ya gudu. Sai wani fito siriri ya fara saukowa yana ƙaruwa. Rokar ta dawo da kai, ta cake a ƙasa taku kaɗan daga inda Baba da abokansa suke tsaye, har ƙasa ta fantsama a rigar Malam Idi. Fukafukan kawai ake gani a waje. Wata mata ta yi ihu ta rungume ɗanta. Ni kuwa na zauna a ciyawa. Da ta matsa kaɗan, da kan mahaifina ta sauka.

Aka haƙo ta da shebur. Musye Bernar ya tsaga bututun da wuƙa, ya jawo abin da ya toshe a ciki, shuɗiyar shadda ta warware a hannunsa da surfaninta a gaban kowa. Ya dube ni. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Dokar kulob a fili take: wanda ya taɓa roka bayan an auna ta, ya bar kulob ke nan. Na buɗe baki, sai na ji muryar Baba a bayana, da Faransancinsa na kasuwa: "C'est moi, monsieur." Ya ce shi ne ya canza ta lokacin cin abinci, yarinyar ba ta sani ba. Wannan ya fi faɗowar rokar girgiza ni. Mutumin da ke mayar wa wanda ya kawo ɗinki ko da guntun yadin da ya rage, yau ya tsaya gaban abokansa ya yi ƙarya saboda ni, ya sunkuyar da kai wani yana yi masa faɗa kamar yaro. Aka ce kada ya sake zuwa filin harbi. Ya ce ya ji.

Muka sauke su Alhaji Sani, muka wuce gida. Sai da muka fara hawan matakalar benenmu Baba ya tsaya a hawa na huɗu yana mayar da numfashi, ya ce, "Uwata, ni tela ne. Aikina awo ne. Da kin ce mini giram kaza ake so, da giram kaza na ɗinka miki." Bai sake tayar da zancen ba har abada. Ni ma ban taɓa zuwa na gaya wa Musye Bernar gaskiya ba, na bar Baba da laifina na ci gaba da zuwa kulob.

Yanzu ina zaune a Saint-Denis, ina aikin injiniya a Paris, kuma yini nake ina gaya wa manya masu furfura cewa lissafinsu bai yi ba, ko gezau ba na yi. Rokokina da yawa sun tashi daga baya, wasu sun wuce saurin sauti, sun sauko lafiya. Kowane lokaci nakan koma gida in ba shi labari, ya dakatar da keke ya saurara, ya tambaye ni ko lemar ta buɗe. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Tun da aka hana shi zuwa filin harbi, bai taɓa ganin tashin ko ɗaya da idonsa ba, kuma ni na jawo.